Takardun da Na Buga a Kakuri

Sana'ata rubuta wa mutane abin da ke cin ransu. Na fara da tafireta da teburin katako a wata rumfa da ke gefen titin Kaciya, a Kakuri, zamanin mulkin Abaca. Yau kwamfuta ce gabana a shago mai ƙofar ƙarfe, amma aikin yana nan yadda yake. Mutum zai zo ya zauna a benci ya faɗa mini damuwarsa da Hausa ko da Turancin buroka, ni kuma in mayar da ita Turancin ofis: takardar neman aiki, takardar koke, yarjejeniyar haya, takardar rantsuwa ta shekarun haihuwa, wasiƙar roƙon shugaban makaranta ya ɗaga wa yaro ƙafa kan kuɗin zango. Da wuya mutum ya tashi daga bencin nan bai ce mini, "Malam, ka nuna musu abin nan muhimmi ne" ba. Na ji wannan magana daga bakin dattijo da matashi, Musulmi da Kirista, mai shadda da mai tsumma, har ta zame mini abin tunani a daren da barci ya ƙi zuwa.

A Makera aka haife ni, kuma mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a sashen saƙa. Wanda bai ga kudancin kogin Kaduna a wancan zamani ba, da wuya ya yarda da abin da za a gaya masa. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Nortex ta biyo baya a 1962, sai UNTL ta attajiran Hongkong a 1964, sai Arewa Textiles mai hannun Japanawa a 1965. Ga ma'aikatar makamai ta DICON tun 1964, ga kamfanin haɗa motar Fijo da ya fara aiki a 1975. Auduga tana zuwa daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi, ta shiga ta wata ƙofa, ta fito ta wata a matsayin atamfa da akoko. Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Igala, ga Gbagyi masu ƙasa, duk layi ɗaya suke bi su buga kati. A nan Adams Oshiomhole ya yi aiki, a Arewa Textiles, kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, daga baya shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa.

Jiniyar sauyin aiki ita ce agogonmu. Da ta kaɗa, titi zai cika da kekuna, masu shiga da masu fita, mata masu tuwo da ƙosai sun riga sun jera a bakin ƙofa. Baba yakan dawo da ɓurɓushin auduga a hularsa da gashin girarsa, yana magana da ƙarfi ko a tsakar gida, domin ƙarar injina ta ci masa kunne. Katinsa na aiki yana cikin wata 'yar leda da ya naɗe sau biyu, a aljihun gaba, kuma ba ya barin ko Inna ta taɓa. Tun ina ƙarami na gane cewa a gidanmu wannan kati ya fi komai daraja bayan Alƙur'ani. Saboda shi mai kanti yake ba mu bashi ba tare da ya ɗaga kai ba.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai na riƙi Turanci, kuma na riƙe shi da yunwa. Ina da ƙamusun Michael West da na taso da shi tun makaranta, daga baya na sayi wani kwancen littafi wurin masu baza littattafai a ƙasa, wanda ya fi ƙamus burge ni. Shi ne littafin Roget, wanda wani likita ɗan Ingila ya fara wallafawa a 1852, inda ba fassara ake yi ba, tara kalmomi masu kusancin ma'ana ake yi wuri guda. Na buɗe wajen kalmar important na tarar da dangi cike da shafi. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya har na gane ba ɗaya suke ba. Significant daga kalmar alama ta fito, wato abin da ke nuna wani abu a bayansa. Vital daga rai, abin da in babu shi sai mutuwa. Crucial daga gicciye, inda hanya ta rabu dole a zaɓa. Urgent daga matsi, abin da ba ya jira. Mu ma muna da namu jerin: mai nauyi, mai daraja, mai tasiri, na wajibi, na gaggawa, jigo, ginshiƙi, ƙashin baya. Shi kuwa muhimmi, wani malamin zaure ne ya nuna mini cewa a Larabci tushensa ɗaya da himma, da kuma hammu, wato damuwa. Abin da ya dami mutum har ya tashe shi tsaye, shi ne muhimmi a wurinsa. Na ajiye wannan a raina, amma shekaru suka wuce kafin in ga amfaninsa a kan takarda.

Masu kawo aiki su da kansu suke cewa, "Sa masa Turanci mai nauyi." Ni kuma in zuba musu, in ja layi ƙarƙashin kalmar gaggawa, in karanta musu da murya su yi ta gyaɗa kai. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Yaron da bai je jami'a ba, ga dattawa sa'annin ubansa suna kiransa Malam. Akwai wani tsohon akawu da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yakan zauna a rumfata da rana yana sauraren rediyo. Wata rana ya karɓi takardar da na gama bugawa, ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya ce, "Ɗana, duk takardar da ta shigo ofis da wannan kalmar take shigowa. Akawu ba ya ganinta kuma. Abu huɗu yake nema: wane ne kai, me kake so, nawa ne, tun yaushe. Ka sa su a layi uku na farko. In ya same su zai san fayil ɗin da zai saka ta. In bai same su ba, ƙasan tire za ta." Na ce, "Baba, to nauyin maganar fa?" Ya ce, "Nauyin yana cikin lissafin. Wata goma sha ɗaya babu albashi, wace kalma ce ta fi wannan nauyi?"

Daga ranar na sauya yadda nake jera takarda. Wannan darasin sana'a ne, kuma mai sauƙi. Mai wuyar yana gaba.

Ranar 21 ga Fabrairun 2000 rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna, ya sake tashi a watan Mayu, sannan na gasar sarauniyar kyau ya zo a Nuwamban 2002. Ba zan tsaya ba da labarin abin da idona ya gani ba. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: kogi ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka bar unguwannin Television da Sabon Tasha da Unguwar Romi suka haye zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka baro can suka dawo nan. Babbar gadar da ta haɗa shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello da na tashar jirgin ƙasa ta ga katifu da tukwane a bayan akori-kura ta kowace fuska. Mu muka zauna a Makera, domin Baba ya ce ba zai yi nisa da jiniya ba. Aikina a watannin nan kusan duk ya koma yarjejeniyar sayar da gida da ta musayar gida.

Wasu mutum biyu suka zo mini tare, abokan aiki ne a masaƙa ɗaya shekara da shekaru. Ɗaya Bahaushe mai gida a kudu, ɗaya Bajju mai gida a arewacin kogi, sun yanke shawarar su yi musaya. Na ɗauki bayanin filaye, yawan ɗakuna, cikon kuɗin da ɗaya zai ba ɗaya, sunayen shaidu. Na zare takarda daga tafireta na karanta musu da Hausa. Sai Bahaushen ya ce, "Malam, ka bar babban abin." Na duba, ban ga abin da na bari ba. Ya ce akwai wata tsohuwa a ɗakin da ke kusa da zaure, ba danginsa ba ce, mijinta ya rasu tun da daɗewa, ba ta biyan haya, kuma ba ta da inda za ta. Yana so a rubuta cewa ba za a tashe ta ba har ƙarshen ranta. Abokin nasa ya ɓata rai, ya ce, "Haba ɗan'uwa, sai an rubuta? Mama ce fa, ni ma na ci tuwonta." Shi kuwa ya ce, "Kai na yarda da kai. 'Ya'yanka da nawa nake rubuta wa." Sai shi ma Bajjun ya ce to a ƙara nasa: rijiyar da ke ƙofar gidansa, maƙwabta suna ɗiba tun da aka haƙa ta, kada a kewaye ta da katanga.

Na sa sabuwar takarda da kabon na sake bugawa daga farko. A idon lauya waɗannan sharuɗɗa biyu su ne mafi ƙanƙanta a takardar, ba su da farashi, ba lallai ma kotu ta tsaya a kansu ba. Amma na lura da hannun mutanen nan lokacin sa hannu, kuma na tabbata da ban saka su ba da sun tafi da takardar da ba tasu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga lokacin, kafin in taɓa madannai, sai na tambayi mutum, "Cikin duk abin nan, wanne ne ya hana ka barci?" Amsar takan ba ni mamaki. Mai neman a mayar da shi aiki sai ya ce sunan ɓarawo da aka kira shi gaban yara ne. Matar da ke neman gadon mijinta sai ta ce keken ɗinkinta da aka haɗa cikin kayan mamaci, wanda da kuɗinta ta saya.

Sannan masaƙu suka fara mutuwa. Ba dare ɗaya abin ya faru ba. Tun tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kayan gyaran injina suka yi tsada. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu, ga atamfar Sin mai araha tana kwararowa ta iyakokin Benin da Nijar har Kantin Kwari, wani lokaci da zanen da aka kwaikwaya daga namu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Masu tuwon bakin ƙofa suka watse, masu gidajen haya suka rasa masu biya, magidanta masu furfura suka koma acaɓa da gadi. Bencina ya cika da tsofaffin ma'aikata masu neman kuɗin sallama.

Masaƙar da Baba yake ita ma ta rufe, ba zan kama sunanta ba. Ya daɗe bai ce mini komai ba. Yana ganin abokansa suna zuwa wurina, shi sai ya wuce masallaci. Wata safiya ya zo shagon, bai shiga ciki ba, ya zauna a bencin da kowa ke zama, ya ciro ledar nan ya ajiye katin a kan teburina. Ya ce, "Rubuta mini tawa."

Ban taɓa buga takardar da ta yi mini wuya kamar wannan ba. Na bi ƙa'idar tsohon akawu: suna, lambar aiki, sashe, shekarar ɗauka, abin da yake bi. Na karanta masa da ƙarfi saboda kunnensa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba ka sa cewa ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba." Na ce, "Baba, wannan ba ya ƙara ko kwabo a lissafin." Ya ce, "Sa shi. Ka sa shi a sama. Ka kuma ce ina roƙon su ba ni takardar shaida cewa na yi aiki, na gama lafiya." A lokacin muna bin bashin haya, ƙanwata tana gida an koro ta daga makaranta, Inna ta sayar da kwallayenta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in ce masa takardar shaida ba ta sayen masara. Kunya ta hana ni, na sunkuyar da kai na buga yadda ya ce, hannuna yana rawa.

Wannan fushin ya zauna a cikina shekaru, kuma shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Ina ganin kamar ya fifita sunansa a kan cikinmu. Sai da na kai shekarun da nake da 'ya'ya masu kallona na fahimci abin da yake nema. Mutum ya ba wuri ƙuruciyarsa da jinsa, ya tashi da asuba ya tafi ko ana ruwa, sannan wata rana ya tarar da kwaɗo a ƙofa, babu wanda ya fito ya ce masa sannu da aiki. Kuɗin haƙƙinsa ne, ya sani, kuma yana so. Amma abin da ke hana shi barci shi ne kada a ce shekarun nan duk ba a yi su ba. Yana son wani mai hatimi ya rubuta cewa an gan shi. Na yi wa ɗaruruwan baƙi wannan tambaya ta abin da ya hana su barci, na saurare su da haƙuri, amma da aka zo kan mahaifina yunwar gidanmu ta toshe mini kunne.

Amsa ba ta zo ba har Allah ya karɓi ransa. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa. Kwafin kabon ɗin yana cikin akwatina tare da katin.

Shi ya sa nake jin zafi idan na ji manya a rediyo suna maganar muhimmancin masaƙu ga tattalin arzikin Arewa. Ba ƙarya suke yi ba, kuma ba a ce ba a taɓa yunƙuri ba: an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, Babban Banki ya hana masu shigo da yadi canjin gwamnati a 2019. Amma wanda ya bi ta Kakuri ya ga ciyawa a harabar da dubban mutane suke buga kati. A ganina kalmar ta yi araha a bakin wanda abin bai hana shi barci ba. In abu ya dami mai iko da gaske, ana gani a ƙafarsa da kasafinsa, kuma ana gani a wasiƙun da yake amsawa. Ko amsar a'a ce, tana nuna cewa wani ya karanta. Tsofaffin da na buga wa takardu, da yawansu shirun ne ya fi karya su.

Yanzu 'ya'yansu da jikokinsu ne ke zuwa, daga Nasarawa da Kudenda da Barnawa da Narayi, wasu na neman a cike musu fom ɗin jarrabawa a intanet, wasu takardar neman aiki. Sukan nuna mini abin da suka kwafo a waya, cike da manyan kalmomi, kowace jimla tana cewa su haziƙai ne masu matuƙar amfani. Nakan ce, "Ƙanena, ajiye wannan tukuna. Me ka taɓa yi da hannunka?" Wani yaro ya ce shi ba abin da ya iya, sai da na matsa ya ce shekara huɗu yana riƙe da littafin bashi na shagon kawunsa a kasuwar Litinin ta Kakuri, kuma ko sau ɗaya lissafi bai taɓa ɓacewa ba. Na ce wannan za mu sa a layin farko. Ya yi ta kallona, bai yarda cewa abin a faɗa ba ne.

Har yanzu matan mamatan ma'aikata suna zuwa da takardun mazajensu a ƙulle cikin ɗankwali. Nakan zaunar da su, in ce, "Iya, faɗa mini duka, ba sauri muke ba," in rubuta lissafin a sama yadda akawu zai gani, abin da ya fi damunta kuma in ba shi sakin layi nasa, da kalmominta, ko da ba zai ƙara kwabo ba. Sai in karanta mata da Hausa daga farko har ƙarshe kafin ta dangwala. Kwafi biyu nake bugawa, in ce ta tabbata an buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kan nata kafin ta baro ofis. Wadda ƙafarta ba ta da ƙarfi, ko take tsoron masu gadi, nakan rufe shago in raka ta da kaina.